Giwa Ba Ta Jiran Masu Lasifika

'Yan'uwana ɗalibai, da zarar zangon karatu ya doshi ƙarshe, allon sanarwa kan cika da takardun yawon buɗe ido. Wannan sashe zai je Yankari, wancan zai je Tiga, ƙungiyar ɗaliban ƙaramar hukuma kaza kuma ta ce ita Gidan Zu za ta. To, ku tsaya ku duba ranakun da ke jikin takardun nan. Kusan duk Asabar ce, ko hutun Sallah, ko makon Kirsimeti da sabuwar shekara. Wato mun zaɓi ranar da kowa ya zaɓa, mun nufi inda kowa ya nufa, sannan in mun dawo mu cika WhatsApp da ƙorafi: wurin ya cika maƙil, ba a ga komai ba, an yi asarar kuɗi.

Ra'ayina a nan a fili yake. Cunkoson da muke kuka da shi mu muke haɗa shi da hannunmu, kuma kauce masa ba ya buƙatar ƙarin ko sisi. Abu huɗu kawai za mu sauya: ranar tafiya, lokacin isa, yawan masu tafiya, da wurin da muke zuwa. Ina kuma ganin haƙƙin ƙungiyar ɗalibai ne ta shige gaba a wannan gyara, domin kuɗin da ake karɓa ba daga sama yake faɗowa ba. Wani kuɗin abincinsa na mako biyu ne ya matse, wata sai da ta yi wa mahaifinta magiya kafin ya yarda ya biya.

Yadda muke tafiya

Mu ɗauki Yankari, tunda ita ce burin kowane kwamitin shirya tafiya. Gandu ne mai faɗin murabba'in kilomita sama da 2,200 a Jihar Bauci. An keɓe shi a 1956, aka buɗe wa masu ziyara a 1962, ya zama gandun ƙasa a 1991, sannan ya koma hannun gwamnatin Bauci a 2006. A cikinsa akwai ɗaya daga cikin manyan garken giwaye da suka rage a Najeriya, ga ɓauna, gwanki, mazo, mugun dawa da birai, ga kuma maɓuɓɓugar Wikki wadda ruwanta yake nan da ɗuminsa na kusan digiri 31 dare da rana, rani da damina.

Daga Kano zuwa sansanin Wikki tafiyar kusan kilomita 400 ce. A takarda an rubuta za a tashi ƙarfe shida na safe. A zahiri kuwa sai tara, saboda ana jiran wance ta gama kwalliya, wane kuma ya koma ɗauko caja. A tsaya cin abinci, a tsaya sayen rake, a tsaya ɗaukar hoto. Kafin a isa rana ta yi sanyi, ga motocin wasu makarantu huɗu ko biyar sun riga mu. Washegari kuma ba mai tashi da wuri, don an raba dare ana kiɗa. Sai hantsi ya dubi ludayi a ce a fita ganin namun daji, mutum sittin ko saba'in, kowa da wayarsa, wani ma da lasifika a kafaɗa.

Don Allah wace giwa ce za ta tsaya jiran wannan ayari? Naman daji da sassafe yake fitowa kiwo da shan ruwa, sai kuma da yamma lis. In rana ta take, inuwa yake nema ya kwanta. Kunnensa da hancinsa sun fi namu nesa ba kusa ba. Tun muna can yake jin tahowarmu ya yi gaba. Abin da ke rage mana shi ne birai da mugun dawa da ke yawo a cikin sansanin suna neman ragowar abinci, sai kuma wanka a Wikki inda kafaɗa ke gugar kafaɗa. Mu dawo da hotuna ɗari uku, duk na fuskokinmu. Taron tsintsiya ke nan, ba shara.

Rana da lokaci

Abin da zai ba ku mamaki shi ne, lokacin da mutane suka fi cika Yankari daban, lokacin da aka fi ganin dabbobi daban. Jama'a sun fi tururuwa a ƙarshen Disamba da ranakun hutu. Dabbobi kuwa an fi ganinsu a ƙarshen rani, daga wajen Fabrairu zuwa Afrilu, sa'ad da ciyawa ta bushe, kududdufai suka ƙafe, dole kowace dabba ta gangaro Kogin Gaji neman ruwa. Gaskiya akwai zafi a lokacin, zafi ma ba na wasa ba. Amma wanda ya jure zafin Kano a watan Afrilu cikin ɗakin lakca babu fanka, zafin Yankari ba zai kore shi ba.

Wannan dabara ba baƙuwa ba ce a wurinmu. Kowa a nan ya san bambancin zuwa banki biyan kuɗin rajista a makon farko da zuwa ranar da za a rufe. Kowa ya san wanda ya kai bokitinsa bakin famfo bayan sallar asuba ba ya bin layi. Matan gidanmu sun san ba a shiga Kantin Kwari ana jibi Sallah sai dole. Da sanyin safiya ake kama fara. Me ya sa in an zo batun yawon buɗe ido sai mu ajiye wannan wayon a gida?

Haka abin yake a Gidan Zu na Audu Bako. A ranakun bikin Sallah sai ka yi da gaske kafin ka ga ƙofar shiga, balle kejin zaki. Je ka ranar Talata da safe a mako na biyu bayan Sallah, za ka tsaya gaban kowace dabba iya son ranka, har ka samu ma'aikacin da zai amsa maka tambaya. Kuɗin mota ɗaya, wuri ɗaya, amma abin da ka tafi da shi gida ya bambanta.

Ba mu kaɗai ke fama da wannan ba. A Amurka, gandun Yellowstone, wanda aka kafa a 1872 kuma shi ne gandun ƙasa na farko a duniya, yana karɓar baƙi sama da miliyan 4 a yawancin shekarun nan, kuma fiye da rabinsu a cikin wata uku kacal suke zuwa: Yuni, Yuli da Agusta. A gandun Arches da ke jihar Utah, cunkoso ya kai ga a 2022 aka soma tsarin da sai ka yanki tikiti mai ɗauke da lokacin shigarka tun kafin ka zo. A Ruwanda kuwa, masu zuwa ganin manyan biran nan da ake kira gorila, mutum 8 kawai ake bari su ziyarci kowane iyali a rana, kuma awa ɗaya tak. Su doka ce ta tilasta musu. Mu ba sai mun jira doka ba. Kwamitin mutum biyar zai iya yanke wannan shawara a zama ɗaya.

Na san abin da wasu za su ce

Wani zai ce, haba malam, ai taron shi ne daɗin tafiyar. Ban musa ba. Akwai wuraren da taron shi ne abin kallon. Hawan Daushe in babu jama'a ai ba hawa ba ne. Hawan Dutsen Dala ranar Takutaha daɗinsa ke nan ka ga Kano ta fito ƙwanta da ƙwarƙwata. Wanda yake son wannan, ya je, Allah ya ba da sa'a. Amma daji da bakin ruwa abin da suke da shi na bayarwa shiru ne ke fito da shi. In nishaɗi da kiɗa muke so, filin makaranta ya ishe mu, ba sai mun ƙona man kilomita 800 zuwa da dawowa ba.

Wata za ta ce, ranar aiki ai muna da lakca. Gaskiya ne. Sai dai makon da ake gama jarrabawa yana da Litinin da Talata da Laraba, ba Asabar kaɗai ba. Sannan tafiyar da ta shafi kwas, in an kai wa shugaban sashe takarda da wuri, ana iya sa ta cikin jadawalin karatu, a tafi da malami. Mu fa 'yan kwalejin fasaha ne; rabin karatunmu gani da taɓawa ne.

Na uku, kuma shi ne mai nauyi, zai ce tafiya cikin yawa ta fi tsaro. A nan sai a yi hattara. Rage yawa daban, tafiya kai kaɗai daban. Mota ɗaya mai ɗaukar mutum 18, da malami, da jagora ɗan gari, ta fi sauƙin kulawa a kan motoci huɗu da ba wanda ya san adadin mutanen cikinsu. A babban ayari ne ake barin mutum a masallacin kan hanya, ba a farga ba sai an yi tafiyar awa guda.

Sannan ba kowane wuri mai shiru ne wurin zuwa ba. Dajin Falgore, wanda ke kan hanyar Kano zuwa Jos ta wajen Tudun Wada da Doguwa (ba Falgoren Rogo ba, kada mutanenmu su ce na yi musu ƙage), yana cikin dazuzzuka goma da gwamnatin tarayya ta amince a 2020 su zama gandun ƙasa. Amma kowa ya san shekarun da dajin ya yi yana fama da 'yan fashi da ɓarayin shanu. Haka gandun Kamuku da ke Birnin Gwari. Rashin cunkoso a irin waɗannan wurare yana da dalilinsa. Kada wani kwamiti ya ɗebi 'ya'yan mutane ya shiga irinsu sai da izinin hukuma a rubuce da rakiyar jami'an wurin. In an ce kar a je, a haƙura.

Ga ruwa a bayan gidanmu

Yanzu bari in zo kan batun wuri, in kuma yi wa yankinmu kara, tunda ni daga ɓangaren Ƙaraye da Rogo na fito. Sau nawa kuka ga takardar tafiya zuwa madatsar ruwan Challawa a allon sanarwa? Ga ta nan a Ƙaramar Hukumar Ƙaraye, kimanin kilomita 90 daga birnin Kano. An kammala ta a 1992. Tsayin bangonta mita 42, tsawonsa kusan kilomita 8, kuma tana iya riƙe ruwa sama da mita kubik miliyan 900. A Jihar Kano, in ka cire Tiga wadda aka gina zamanin Audu Bako, babu kamarta. Ruwan ya miƙa har cikin ƙasar Rogo, in ka tsaya a kan bangon da safe sai ka rantse ba a Kano kake ba.

Kuma ba kallo kaɗai ba ne. Ɗalibin injiniyan gine-gine zai ga yadda ake tare kogi da bangon ƙasa, ya ga mafitar da rarar ruwa ke bi in dam ya cika. Ɗalibin aikin gona zai ga noman rani a gefen ruwa. Mai karatun kasuwanci ya zauna da masunta a wajen Turawa, ya ji yadda karfasa da tarwaɗa ke tashi daga koma su isa teburin mai suya a birni, da hannu nawa suke bi, da inda ribar ke maƙalewa. Mai nazarin muhalli kuwa ga babban darasi: Kogin Challawa yana haɗuwa da Kogin Kano su zama Kogin Haɗeja, wanda ke shayar da fadamun Haɗeja da Nguru kafin ragowar ruwan ya bi Komadugu Yobe ya doshi Tafkin Chadi. Tun da aka gina Tiga da Challawa ambaliyar da ke ciyar da waɗancan fadamu ta sauya, manoma da masunta da makiyaya na can suka ji a jikinsu. Wato ruwan da aka tare a Ƙaraye yana da alaƙa da shinkafar wani manomi a Yobe. Wannan a littafi layi biyu ne. A kan bangon dam kuwa gani ya kori ji.

Masu son tsuntsaye ma ba a bar su a baya ba. Da sassafe a bakin ruwa za ka ga balbela da zalɓe da agwagin ruwa, a lokacin hunturu kuma ga baƙin tsuntsaye da ke tsere wa sanyin Turai su sauka a ruwayen arewacin Najeriya. Ba tikitin jirgi, ba biza.

Ga wani abin kunya kuma. Sansanin horar da masu yi wa ƙasa hidima na Jihar Kano yana Kusalla ne, a nan Ƙaraye. Duk shekara 'yan Legas da Inugu da Fatakwal suna zuwa su yi mako uku a can, su koma suna ba da labarin Ƙaraye. Ɗan Kano da ke karatu a nan kuwa bai taɓa taka garin ba, amma yana tara kuɗin zuwa Bauci. Gida bai ƙoshi ba a kai wa dawa. Sai dai ko a nan ma a duba kalanda: ranar buɗe sansanin da ranar rufe shi tasha kan cika, mota ta yi wuya. A kauce musu.

Kada mu kai cutar can

Tsorona ɗaya ne: kada wannan rubutu ya sa mako mai zuwa motoci biyar su dira a bakin Challawa da lasifika da ledojin ruwa. In haka ta faru, cunkoson kawai muka sauya wa mazauni. Dam wurin aiki ne, yana ƙarƙashin Hukumar Raya Kogunan Haɗeja da Jama'are, saboda haka a rubuta takardar neman izini tukuna. Bakin ruwan kuma wurin neman abincin wasu ne. A fara da gaida dagaci ko mai unguwa, a ce, "Ranka ya daɗe, ɗalibai ne, mun zo ganin ruwa." Shi zai haɗa ku da wanda ya san inda ake takawa da inda ba a takawa, ya kuma gaya muku halin da hanya take ciki a wannan makon, musamman ta ɓangaren Rogo da ke iyaka da Kaduna da Katsina. Matambayi ba ya ɓata. A nemi izini kafin a ɗauki hoton masunci ko matan da ke wanki. A sayi kifinsu. Ledar da aka zo da ita a koma da ita. A kuma kamo hanyar gida tun rana na sama.

Sai batun kwale-kwale, kuma a nan babu wasa. Ranar 30 ga Nuwamba, 2021, jirgin ruwa ya kife a madatsar Watari da ke Ɓagwai, a nan Jihar Kano, mutum aƙalla 29 suka rasu, yawancinsu yara 'yan makarantar Islamiyya. Lodin da ya wuce kima aka ɗora wa laifin. Allah ya jiƙansu. Cunkoso a tudu takaici ne, a kan ruwa kuwa rai ne. In mai jirgi ya ce mutum shida, to shida ne, ko da sauran za su yi fushi. In babu rigar kariya, a tsaya a gaɓa a yi kallo. Wanka ma a bar shi: ruwan dam yana da zurfin da ba a gani daga sama, ga kuma tsargiya, wadda ƙwayar cutarta ke fitowa daga dodon koɗin ruwa ta shiga ta fata.

Kira ga shugabanninmu

Ya shugaban ƙungiya da 'yan majalisarka, ga abin da nake roƙo, kuma babu wanda zai ci kuɗi a ciki.

A buɗe kalanda ɗaya ta tafiye-tafiye a ofishin ƙungiya tun farkon zango, kowane sashe da kowace ƙungiyar ƙaramar hukuma su rubuta ranarsu, don kada uku su haɗu a wuri ɗaya rana ɗaya. A hana sa tafiyar ganin daji ko ruwa a ranakun Sallah da makon ƙarshen shekara. A ƙayyade yawa: mota ɗaya a kowace tafiya, in masu so sun yi yawa a raba su kashi biyu, mako biyu. In Yankari za a je, a tashi a kan lokaci ko wa ya makara, a kwana da wuri, a fita da motar farko ta asuba tare da jagoran gandun, lasifika kuma a bar ta a hostal. Kowane sashe ya yi tafiya ɗaya ta kusa, Challawa ko Tiga ko makamancinsu, kafin ya nemi ta nesa. A ƙarshe, duk wanda ya jagoranci tafiya ya kawo rahoton shafi ɗaya: ranar da aka je, ƙarfe nawa aka isa, me aka gani, nawa aka kashe. A ajiye a fayil, na baya su amfana, wannan mujalla kuma ta riƙa buga mafi kyau daga ciki.

Ku kuma 'yan'uwana masu biyan kuɗin, kafin ku miƙa wa ma'ajin kwamiti ko naira ɗaya, ku yi masa tambaya uku: wace rana ce, ƙarfe nawa za mu isa, mu nawa ne? In ya ce Asabar ɗin Sallah, bayan azahar, duk wanda ya biya, to ku mayar da kuɗinku aljihu.